Haƙora Ashirin da Biyu a Inci Guda

Ranar Juma'ar da ta wuce, a gidan abincin nan na Château Rouge inda nake cin tuwo duk sa'ad da na shigo Paris, ɗaya daga cikinku ya tambaye ni sana'ata. Ɗalibi ne, an ce mini injiniya yake karantawa, kuma ya gaishe ni da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ce masa aikina ɗaure bulon ɗin Ingilishi, ƙusoshin nan da ake murɗa wa noti, da kwance su. Ya dubi abokansa, ya ce, "Baba, wannan har sana'a ce? Ai dama ɗaurewa, hagu kwancewa." Suka yi dariya. Ban tanka ba, don da loma a bakina. To, yanzu na haɗiye, sai ku saurara.

Ku ɗauki sifana lamba goma sha uku, irin wadda ake sayarwa a kowane kanti na ƙasar nan. Ku je wurin tsohuwar motar Ingila ko tsohon babur ɗinsu, ku ɗora ta a kan notin da ido ya gaya muku goma sha uku ne. Ba za ta shiga ba. Sai ku ce to goma sha huɗu ke nan. Ita za ta shiga, har da 'yar rawa. Ku danna sau ɗaya, ku danna sau biyu, a na uku ta zame, yatsunku su daki ƙarfe, kusurwoyin notin su cinye ya koma mulmulalle kamar ƙwallon goruba. Notin nan milimita goma sha uku ne da sulusi. Da irin wannan ɗan bambancin na ci abinci shekara arba'in da ɗoriya, kuma irinsa ne ya fitar da ni daga aiki da sunan wanda ya kusa yin kisan kai.

A Maraɗi na koya, wurin Malam Idi. Shi kuwa a Kano ya koya, shi ya sa abin da duk garin ke kira kile, mu a rumfarsa sifana muke cewa, har yau bakina bai sauya ba. A lokacin manyan motocin da ke tsallako iyaka da buhunan gyaɗa yawancinsu ƙirar Ingila ne, haka injinan niƙa da na jan ruwa. In suka lalace a ɓangarenmu, masu gyaran da suka koya hannun Faransi sai su yi ta fama da guduma da kurfi, su ɓata abin da suka tarar, daga ƙarshe a turo wa Malam Idi gawar.

Yana da akwatin katako, ciki da sifanoni baƙaƙe, kowace an buga mata lamba da harafi. Abin da ya fara rikita ni shi ne lambar ba faɗin bakin sifanar take faɗa ba. Kaurin jikin bulon ɗin take faɗa. Ka ga an rubuta kwatan inci, ka auna bakin, ka tarar ya fi rabin inci. Sannan sifana guda tana ɗauke da suna biyu: a fuska ɗaya 1/4 W, kusa da shi 5/16 BS. Na tambaye shi dalili. Ya ce abin da ya ji shi ne akwai zamanin da ƙarfe ya yi musu wuya, suka rage girman kan bulon, sai sifanar da ta kama wannan a da ta koma kama wancan. Ya ce, "Ba kai aka tambaya ba lokacin da suka yi, kuma ba kai za a tambaya ba. Haddace."

Aikina na farko daro ne. Daro cike da bulon da noti da aka tsinto daga matattun injina, an jiƙa su da kananzir. Ni zan ware su: masu manyan haƙora na W gefe guda, masu ƙananan haƙora na BSF gefe guda, 'yan mitsi-mitsin da ke kama wayoyin wuta gefe guda. Haƙora nake nufi zanen nan da ya nannaɗe jikin bulon, wanda Faransawa ke kira filtaj, 'yan Najeriya su ce tiredi. Malam Idi kan jefa na Faransi cikin daron ba tare da ya gaya mini ba. In ya zo da la'asar ya tarar da baƙo guda cikin tarin, ba zagi ba duka, sai ya sa ƙafa ya haɗe duka ya koma da su cikin kananzir. Wata biyar ina wannan kafin ya bar ni na taɓa sifana.

A nan na san cewa haƙorin Ingilishi digiri hamsin da biyar ya buɗe, kansa a zagaye, na Faransi kuwa sittin, kansa a shafe kamar an sare da wuƙa. Ido ba ya raba digiri biyar. Farce yana rabawa, in ya daɗe yana bi. Akwai kuma abin da muke kira mataji, 'yan siraran ƙarafa ne masu haƙora da aka haɗa da ƙusa guda, ka ɗora ɗaya kan bulon ka ɗaga wa haske. In haske ya ratsa tsakani, ba nasa ba ne. Sai taro, mai yanka haƙora cikin rami, da filiyar, mai yanka su a jikin sanda. Kowane girma da nasa.

Wata rana ina mayar da murfin injin jan ruwa, na sa bulon da hannu, ya shiga zagaye uku ya tsaya. Na miƙa hannu zan ɗauki sifana. Malam Idi ya taka ta.

Ya ce, "Mi za ka yi da ita?"

Na ce, "Ya cije ne, Malam, zan taimaka masa."

Ya ce, "Bulon da ya shiga zagaye uku ya tsaya, magana yake yi maka. Yana gaya maka nan ba gidansu ba ne. Kai kuma za ka ɗauko ƙarfe ka toshe masa baki. Fito da shi."

Na fito da shi. Na Faransi ne, lamba takwas. Ramin kuwa na BSF ne, biyar bisa goma sha shida. Kaurinsu kusan ɗaya, ko uwarsu ba ta raba su da ido. Amma na Ingilishi haƙora ashirin da biyu yake da su a inci guda, na Faransi ashirin da ɗan ɗigo. Zagaye uku na farko suna tafiya tare, daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da na tashi tahowa Faransa, motocin Ingila sun fara ƙarewa a hanyarmu, idon Malam Idi ma ya yi rauni. Ya tura mini akwatin da ƙafa, ya ce, "Tafi da su. Nan ba sauran mai kiransu." Na zuba kaya rabi na bar wa ƙanena don akwatin ya samu wuri.

A Aubervilliers na samu aiki, garejin wani Bafaranshe, Mushe Rene. Wankin ƙarafa da sauya taya aka ɗauke ni. Na fi shekara ina wannan, akwatin yana ƙarƙashin gadona a gidan ma'aikata. Ran nan aka jawo wata tsohuwar motar Ingila mai buɗaɗɗen kai, ma'aikata biyu suka wuni a kan tukunyar hayaƙinta, suka cinye noti huɗu. Na ce wa Mushe Rene in ya bar ta zuwa gobe zan kwance ta. Ya dube ni kamar akuya ta yi magana. Washegari na sungumo akwatin cikin metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, mutane na harara ta don ya tare hanya. Kafin azahar tukunyar tana ƙasa. Bayan wata biyu aka kafa allo a ƙofar garejin: ƙwararru kan motoci da baburan Ingila.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu mota su tsaya a ofis su sha kafe da Mushe Rene, yana yi musu bayanin abin da na gaya masa minti goma da suka wuce. Ni ina can baya, wurin da rufin ke yoyo. Shekara goma sha tara a takardar albashina an rubuta mataimakin makaniki, don ba ni da difilom. Duk da haka Mushe Rene bai taɓa sa mini hannu cikin aiki ba. In na ce mota za ta kwana uku, kwana uku take yi.

Masu kawo irin waɗannan motoci iri-iri ne. Akwai wanda ya karanta littafi guda ya zo yana koya maka. Akwai wanda ya sayo buhun bulon na Amerika ya ce ai duk inci ne. A wasu girman lissafin haƙoran ya zo ɗaya, har ya shiga, ko da yake ba ya zama daram. A rabin inci kuwa na Ingila goma sha biyu ne, na Amerika goma sha uku, ko kuka za ka yi ba sa haɗuwa. Akwai wani da ya tsaya kaina yana zagin Ingilishi, wai mutanen da ba su iya ƙirga da goma ba. Na ce masa ya je gida ya duba famfon kicin ɗinsa. Haƙoran bututun ruwa da na gas na ƙasar nan duk na Ingilishi ne, an dai sauya musu suna zuwa goma sha biyar da ashirin da ɗaya don kada a ji kunya. Bai sake kawo motarsa ba.

Mushe Albert daban ne. Mai kantin magani ne, yana da wani koren babur da ya gada wurin ubansa. Shi ba ya tsayawa ofis. Kai tsaye yake wucewa baya, ya ce, "Abokina, ga tsohuwar ta sake tari." Ya jawo kujera ya zauna yana kallon hannuna, yana tambaya, in na amsa ya saurara. Ƙarshen kowace shekara ya kawo kwalin cakulan na kai wa yara. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa babur ɗin nan sai ni.

Sannan Mushe Rene ya tsufa ya sayar da garejin ya koma kudu. Sabon mai wuri ya kawo ɗan 'yar'uwarsa, Kiristof, ya naɗa shi shugaban ma'aikata. Yana da difilom, ya iya karanta motocin zamani da na'ura, ban raina masa wannan ba. Amma komai da bindigar iska yake ɗaurewa, wadda ke murɗa bulon cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ya fi tsana shi ne ya ga abu ya kwana a kan benci.

Farkon bazara Mushe Albert ya kawo babur ɗin, birkin gaba na ƙara. Na buɗe takardar aiki, na sa sunana da kwanan wata, na cire tayar. A irin wannan babur akwai bulon guda da ke riƙe farantin birki ga ƙafar gaba, don kada farantin ya bi taya ya juya in an taka. Ramin cikin alminiyom yake, BSF ne, biyar bisa goma sha shida. Na fito da bulon ɗin na ga wuyansa ya miƙe, ya sirance. Ba a mayar da irinsa. Na jefa shi cikin gwangwani, na ce zan yanka sabo daga ƙarfe mai kyau. A ranar da yamma aka kira ni daga Maraɗi, mahaifiyata ta rasu. Na rufe babur ɗin da bargo, na gaya wa Kiristof kada kowa ya taɓa, na tafi.

Kwana goma sha shida na yi. Da na dawo benci wayam. Kiristof ya ce Mushe Albert ya matsa, suna da fitar ƙungiyarsu ta masu tsofaffin babura, shi ya ƙarasa masa.

Na ce, "Wane bulon ka sa wa farantin?"

Ya ce, "Takwas. Sabo fil."

Na ce, "Ya shiga da hannu?"

Ya ce, "Ya ɗan cije, bindiga ta shigar da shi. Ya kama tam."

Na ajiye jakata na shiga ofis na kira kantin magani. Matar da ta ɗauka ta ce Mushe Albert yana asibiti kwana biyu ke nan. A wata gangara ya damƙe birki, bulon ɗin ya tsige da naman alminiyom a jikinsa, farantin ya juya ya nannaɗe waya, tayar ta kulle. Ƙugunsa ya karye, gwiwar dama ta farfashe.

Kamfanin asiransi, wato inshora, ya turo mai bincike. Dattijo ne mai natsuwa, ya san ƙarfe. Na ɗauko mataji na ɗora masa kan bulon ɗin da aka tsinto, na ɗora kan ragowar ramin, ya ɗaga wa haske ya gyaɗa kai. Na buɗe masa akwatina, na nuna masa taro da filiyar na wannan girman, na kawo gwangwanin da tsohon bulon ɗin ke ciki. Na ce, "Mushe, mutumin da ke da waɗannan me zai kai shi ga sa takwas?"

Ya ce, "Na yarda bulon ɗin ba nasa ba ne. Amma bulon ba ya ɗauke da sunan wanda ya ɗaure shi. Takarda ce ke ɗauke da suna."

Takardar kuwa sunana kaɗai ke kanta. Kiristof ya ce kafin na tafi na riga na mayar da birkin, shi taya kawai ya ɗora ya wanke babur ɗin. Kawunsa ya ce haka ne. Sauran ma'aikata biyu suka ce ba su lura ba. Kowa da iyalinsa. Na nuna hatimin fasfo, aka ce ba wanda ya musa na yi tafiya, abin tambaya shi ne me na yi kafin tafiyar.

Mutum guda ya rage. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya raɗa mini a bakin ƙofa cewa ranar da aka ƙarasa aikin Mushe Albert yana nan zaune kan kujerarsa, yana jira, yana kallo. Na sayi lemo na tafi asibiti. Matarsa ta tare ni a baranda, ta ce likita ya hana baƙi, kuma lauyansu ya ce kada su yi magana da kowa daga garejin. Ta ƙi karɓar lemon. Da mai bincike ya tambaye shi, amsar da aka rubuta ita ce: ba ya tuna wanda ya ɗaure birkin.

Aka kore ni da abin da suke kira babban laifi, wato ba sanarwa ba sallama. Na je ɗaukar akwatina aka ce duk ƙarfen da ke cikin garejin an saye shi tare da garejin, in nawa ne in kawo rasit. Rasit ɗin sifanar da aka ƙera kafin a haifi ubana. Na rubuta wa Mushe Rene wasiƙa biyu ya shaida. 'Yarsa ta amsa cewa ba ya gane mutane yanzu. Na kai ƙara kotun ma'aikata. Kan korar ban ci ba. Kan akwatin aka ce a mayar mini, amma kafin hukuncin ya fito an sayar da mafi yawa ga wani dillalin tsofaffin kaya. Sifana bakwai na tarar, da mataji, da taro uku. Cikin kwali aka miƙo mini su. Akwatin katakon an jefar.

Wannan ita ce shekarar da ba ta da kyau. Masu irin waɗannan babura ba su da yawa, duk sun san juna, kuma labari ya zaga cewa baƙin nan na Aubervilliers ya kusa kashe Albert. Na bi gareji shida da ke irin aikin. A biyu an ce ba gurbi. A huɗu an san ni tun kafin na faɗi daga inda nake. Ina da shekara hamsin na koma dakon kwalaye a rumbunan sari na unguwar, daga kwantena zuwa shago, daga shago zuwa mota. Kafaɗata ta hagu tun daga nan ba ta ɗaga sama da kunne. Babbar 'yata ta bar karatu ta shiga aikin kanti. Ba ta koma ba.

Alhaji Sani ne ya fitar da ni. Ɗan Tawa ne, yana fataucin yadi tsakanin Lyon da gida, kuma a rumbun na taɓa loda masa kaya muka san juna. Ya kira ni, bayan gaisuwa ya ce, "Malam, akwai wata tsohuwa mai masaƙa a nan Lyon da nake sayen tul wurinta, yadin nan mai raga na mayafi. Injinta na Ingila ne, ya fi shekara ɗari, ya tsaya wata uku. Duk wanda ta kira ya duba ya ce a sayar wa masu gwangwan. Na ce mata na san mutum." Na ce masa ba ni da kayan aiki sai 'yan ragowa. Ya ce, "Kana da hannu?"

Injin ya kai tsawon motar bas, baƙi wuluk, duk jikinsa W ne, wasu notin kamar dunƙulen hannu. Na sayi sifanonin Faransi masu arha, na zauna da zarto mai laushi ina buɗe musu baki. Goma sha uku ta koma goma sha uku da sulusi, goma sha biyar ta ƙara kwata, goma sha ɗaya ta ƙara kaɗan. Kowace na gwada ta kan notin har ta zauna ba rawa. Matsalar injin kuwa ƙarama ce: wani ya taɓa cusa bulon na Faransi a maƙallin sandar da ke kaɗa zare, sandar ta karkace da kaurin farce, zare dubbai suna tsinkewa. Mako biyu na yi. Ranar da ya tashi, tsohuwar ta tsaya ta sa tafin hannu a jikinsa. Ita ta ba ni wata 'yar rumfa a bayan masaƙar, na kwaso iyali muka koma Lyon. Sannu a hankali masu tsofaffin injina suka san ƙofar, daga baya masu babura, waɗanda labarin Paris bai iso musu ba ko ya iso sun auna da idonsu.

Shekara tara da korata, wata safiyar Talata, wata mota mai jan tirela ta tsaya a ƙofar rumfar. Mutum ya fito da sanda, yana jan ƙafar dama. Gashinsa ya yi fari fat. Kafin ya gama yaye tamfol ɗin na riga na gane koren fentin.

Ya ce, "Abokina. Na sha wuya kafin na samo ka."

Na ce, "Mushe Albert. Ina gajiyar hanya?"

Ya ce shi ba zai sake hawa ba, amma yana son ya bar wa jikarsa babur ɗin yana tafiya. Ya kai shi wuri uku, ba wanda ya gamsar da shi. Ya ce, "Ba na yarda da hannun kowa a kan birkin nan sai naka."

Na ce, "Mai bincike bai ji wannan daga bakinka ba."

Ya jingina da tirelar. Ya ce, "Ina zaune a wurin. Na ji ƙarar bindigar, har na tambayi yaron ko haka kake yi, ya ce kai tsohon yayi ne. Ban manta ba, ko rana ɗaya." Ya ce lauyansa ne ya nuna masa cewa garejin da ya bar ma'aikaci marar difilom ya taɓa birki, laifinsa a fili yake, shari'a ba za ta ja ba. In kuwa ya ce mai difilom ne ya yi, kuma shi da kansa ya matsa a yi sauri, yana kallo, to za a raba laifin da shi. Ya ce, "Ina kwance, ban san ko zan sake tafiya ba. Na ɗauka za ka samu wani aikin. Mutum irinka."

Na ce masa na samu, na dakon kwali.

Ban kore shi ba. Na hau tirelar na duba ƙafar gaban. Wani ya cika ramin da gam ya sake cusa takwas. Na gaya masa abin da za a yi: a fafe ramin, a dasa masa hannun riga na ƙarfe, a yanka haƙora ashirin da biyu a ciki, a yanka sabon bulon. Kwana huɗu. Ya ce ko nawa ne zai biya.

Na ce, "Kuɗin aiki kamar na kowa ne. Amma kafin na sauke shi daga tirelar nan, za ka rubuta abin da ka faɗa yanzu, da hannunka, ka sa hannu."

Ya ce, "Ba za ta yi maka amfani a kotu ba. Lokaci ya wuce. Garejin ma an rushe shi."

Na ce, "Na sani. 'Yata nake so ta karanta."

Ya ce in ba shi takarda. Na yago ɗaya daga littafin da nake zana girman bulon, na share masa gefen benci da tsumma, na jawo masa kujera. Ya sa tabarau. Ya rubuta sunansa da sana'arsa, ya rubuta cewa yana shaida, cikin hankalinsa, ba wanda ya tilasta shi, cewa bulon ɗin birkin babur ɗinsa shugaban ma'aikata ne ya ɗaure shi a gaban idonsa, ba Mushe… A nan alƙalamin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon takardar. Kunnuwansa suka yi ja.

Ya ɗago ya ce, "Ka gafarce ni. Yaya ne ma sunanka?"

Na faɗa masa. Bai iya rubutawa ba, sai da na jero masa harafi ɗaya bayan ɗaya, Isuhu Mamman, yana bi yana rubutawa. Ya sa hannu. Na ninke takardar na sa a aljihu, na je na kwance igiyoyin tirelar.